Cikin gari, bakin gari ko can nesa: ina ya dace a kafa filin wasa a Garwa, Marwa da Njamena?

Duk garin da ya samu kuɗin filin wasa a arewacin Kamaru ko Chadi, zaɓi uku ne a gabansa. Ko a gyara tsohon filin da gidaje suka riga suka zagaye, ko a nemi wuri a bakin gari inda unguwanni suka fara ƙarewa, ko a tafi kilomita 15 zuwa 20 inda ƙasa ke da araha a yi gini na gani na faɗa. Dukkan ukun an gwada su a ƙasashen nan biyu, don haka akwai abin dubawa.

Na cikin gari shi ne Rumde Ajiya na Garwa, wanda aka gina a 1978 aka kuma sabunta shi domin gasar cin kofin Afirka da aka buga a Janairu da Fabrairun 2022. A nan Najeriya, Masar, Sudan da Gini Bisau suka yi rukuninsu, a nan kuma Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci 1-0. Na nesa su ne Olembe mai kujeru 60,000 a arewacin Yawunde, Japoma mai 50,000 a bayan Duwala, da Kwekong mai 20,000 a wajen Bafusam. Chadi kuwa tana da iri biyu a gari ɗaya: tsohon filin Idriss Mahamat Ouya a tsakiyar Njamena, wanda ya gaza cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka har 'yan wasan Sao, wato ƙungiyar ƙasar Chadi, suka riƙa karɓar baƙinsu a ƙasashen waje, da sabon filin Manjafa mai kujeru 30,000 da ƙasar Sin ta gina a gefen gari, inda Chadi ta yi 1-1 da Gana a Satumban 2025.

Da wace rana za a auna filin?

Yawancin masu yanke shawara da ranar cika suke aunawa: shugaban ƙasa ya zo, ƙungiyar ƙasa tana wasa, ko'ina tutoci. Irin wannan rana ba ta wuce sau biyu ko uku a shekara, wani lokaci ma shekara ta wuce ba a ga ko ɗaya ba. Filin kuwa zai yi shekara 40 ko 50 yana neman ruwa, wuta da masu gadi. Abin da ke riƙe shi shi ne wasan lig na ranar Lahadi, gasar makarantu, atisayen yara da yamma, kokawa, da tarukan gari. Ko Coton Sport, ƙungiyar Garwa da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, ba kowane mako take cika fili ba.

Mai kallon irin waɗannan wasanni ɗalibi ne, ɗan tireda ne, bakanike ne da ya rufe gareji bayan Azahar. Da ƙafa yake zuwa ko a bayan moto, wato babur. Mutum zai taka kilomita 2 ko 3 ba tare da ya yi ƙorafi ba, tafiyar rabin awa zuwa minti 40 ke nan. Da zarar nisa ya kai inda kuɗin moto zuwa da dawowa ya fi kuɗin tikiti, sai ya zauna a gidan kallo ya kalli wasan Turai. A nan filin cikin gari ya yi wa sauran biyun fintinkau, kuma babu wani kyan gini da ke rufe wannan tazara. An ga yadda Garwa ta riƙa cika a 2022 alhali wasu filayen kudu na da kujeru fayau. Gaskiya kusancin iyakar Najeriya ya taimaka, amma samun damar tahowa daga unguwannin Yelwa ko Lopere a ƙafa ma ba ƙaramin dalili ba ne.

Ga lissafin filin nesa, don a ga nauyinsa. A ɗauka mutum 20,000 za su zo, rabinsu kuma ba su da abin hawa. Bas mai ɗaukar mutum 70 sai ta yi sawu 143 kafin ta kwashe 10,000. Idan filin yana kilomita 15, zuwa da dawowa da lodi ba za su gaza awa ɗaya ba, wato cikin awa biyun da ke gaban wasa kowace bas sawu biyu kawai za ta yi. Bas 72 ake bukata ke nan. Ba Garwa, ba Marwa, babu wanda ke da irin wannan adadi a ajiye don jigilar cikin gari. Zuwa ma da sauƙi, domin mutane a rarrabe suke tahowa. Dawowa ce matsala: kowa na fita cikin minti 15, Magariba ta yi, hanya babu fitila, masu moto na gudu a tsakanin masu tafiya a ƙafa da manyan motocin kaya.

Saboda haka tambayar hanya ba "akwai kwalta?" ba ce kaɗai. Hanya nawa ce ke shiga wurin, kuma suna haɗuwa a maƙogwaro ɗaya? Wanda ya kai fili Bokle, ƙetaren kogin Binuwai, ya tilasta wa duk Garwa bin gada, gadar da tireloli masu zuwa daga Ngaundere suke bi su nufi Kuseri da Njamena. Wanda ya kai shi hanyar Pitowa ya tuna cewa Lahadi ce kasuwar Pitowa, ranar da aka fi buga wasa. A Njamena duk abin da aka gina ta Waliya sai an ƙetare kogin Shari. Wurin da ba shi da hanyoyi biyu masu zaman kansu, ɗaya ta jama'a ɗaya ta 'yan wasa da motar asibiti, a cire shi daga lissafi ko da kyauta aka bayar.

Ƙasa da ruwa

Wannan ne sashen da ake tsallakewa, kuma shi ne ke cin kuɗi daga baya. Filin da ya rage babu gini a kusa da babban gari, akwai dalilin da ya sa ya rage. Sau da yawa fadama ce ko baƙar laka irin wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa bayan damina, abin da mutanen Chadi ke kira berbere. Wannan laka tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsage idan ta bushe har hannu ya shiga. Ginin da aka ɗora mata kai tsaye yana hawa da sauka kowace shekara: matakala ta rabu da bango, katanga ta karkata, hanyar gudu ta yi tudu da kwari, bututun da ke ƙarƙashin ciyawa ya karye ba wanda ya sani sai an ga tsakiyar fili ya zama tabo. Ana iya gini a kanta, amma sai an kwashe lakar an cike da marmara a daddanne ta hawa-hawa, kowane hawa santimita 20 zuwa 30, ko a kafa ginshiƙai su nutse har ƙasa mai ƙarfi. Kuɗin wannan aiki kan haɗiye duk rarar da aka samu wajen sayen fili mai araha.

Gwajin ba shi da wuya. A haƙa ramukan gwaji a ƙalla a kusurwoyi huɗu, tsakiya, da ƙarƙashin inda babbar rumfa za ta zauna, a kai samfurin ƙasar ɗakin bincike. Kafin wannan ma akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a je wurin a ƙarshen Agusta, a sake komawa a Oktoba. Zuwa biyu ne saboda ruwa iri biyu ne. Na Agusta ruwan sama ne da ke kwanciya inda babu gangare. Na Oktoba kuwa kogi ne: Shari da Logon sai damina ta ƙare suke kai ƙololuwa, kuma a wannan lokaci ne unguwannin Waliya suka nutse a 2022. A 2024 ma ruwa ya yi ɓarna a Njamena, Kuseri da Yagwa. A Garwa a haɗa da tambayar inda ruwa ke kaiwa idan an saki madatsar Lagdo. Tsofaffin manoman wurin sun san iyakar ruwa fiye da taswira. A tambaye su, a duba tabon ruwa a jikin bishiyoyi. Wanda ya zaɓi fili a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙayau ko'ina ya yi kyau, ya sayi doki ne a cikin duhu.

Filin kansa kuma yana haifar da ruwa. Hekta 10 da aka rufe da siminti, kwalta da rufin kwano, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, sun tara lita miliyan 5. Ina za su tafi? A cikin gari amsar ita ce magudanar unguwa, wadda dama ta cika da leda. A bakin gari ana iya haƙa tafki a ɓangaren da ya fi gangare a tara ruwan, a yi ban ruwa da shi. Wannan babbar riba ce ga bakin gari, musamman a Njamena da ƙasarta ke shimfiɗe ba gangare.

Sai ruwan ciyawa. Ma'aunin fili mita 105 ne da 68, idan aka haɗa da gefe ciyawar kan kai murabba'in mita 8,000. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ciyawa na bukatar kamar milimita 7 ko 8 a rana, wato lita 56,000 zuwa 64,000 kullum, ba ranar hutu. Rijiyar burtsatse mai ba da lita 5,000 a awa sai ta yi awa 12 tana aiki. Don haka rijiya biyu ake so da tanki mai ɗaukar ruwan kwana biyu, domin mako guda babu ruwa a wannan zafi ya isa ya kashe fili. Garwa ta yi sa'a, tana zaune kan dutsen yashi mai riƙe ruwa. Njamena ma ruwanta ba shi da zurfi. Kewayen Marwa ne abin lura: da an yi nisa da mayo, wato rafi, aka hau ƙasar duwatsu, rijiya kan ba da ruwa kaɗan ko ta fito a bushe. A can a haƙa rijiyar gwaji a auna ta a watan Afrilu kafin a sa hannu a kan komai. Dogaro da famfon gari kuwa, ko da bututu ya iso, yana nufin filin zai yi gasa da gidajen mutane a watan da kowa ke neman ruwa.

Irin ciyawar da ke jure mana ita ce kiri-kiri da danginta, a kan yashi mai kauri kamar santimita 25 zuwa 30, ƙarƙashinsa tsakuwa da bututun tsane ruwa, tsakiyar fili kuma ya ɗan fi gefe tudu da abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Japoma ya nuna cewa tsadar gini ba ta sayen ciyawa: a 2022 sai da aka ɗauke wasan kusa da na ƙarshe daga can aka mayar filin Ahmadu Ahijo na Yawunde bayan ƙorafi kan yanayin filin. Ciyawar roba tana ɗaukar wasa da safe da yamma ba ta gaji ba, abin da ya dace da filin da makarantu za su yi ta amfani da shi. Amma da rana tsaka tana iya haura digiri 60, ƙurar hunturu tana toshe ta ta taurare idan ba a sharewa da inji, kuma bayan shekara 8 zuwa 10 sai an sauya ta gaba ɗaya. Tana ma son a jiƙa ta kafin wasa. Shawarar da ta fi ita ce ciyawa ta gaske a babban fili, roba a filin atisaye, kuma wannan sai inda akwai sarari, wato ba cikin gari ba.

Wuta gajeriyar magana ce. Fitilun wasan dare na cin ɗaruruwan kilowat, suna son taransifoma tasu da janareta mai ɗaukar nauyin duka. Kowace kilomita da aka ƙara nisa, an ƙara turaku da waya, an kuma ƙara wa ɓarayin waya wurin aiki. Famfon rijiya dai a ɗora shi a kan hasken rana.

Ƙofofi da sararin waje

A nan ne filin cikin gari ke faɗuwa. Ranar 24 ga Janairun 2022, kafin wasan Kamaru da Komoros, mutum 8 suka mutu a turmutsutsu a ƙofar kudu ta Olembe. Filin sabo ne, sarari kuma ba a rasa ba. Jama'a ne suka taru a ƙofa ɗaya da ke rufe, lokacin wasa na matsowa. Idan haka ta faru inda ake da fili, sai a yi tunanin wurin da shaguna suka manne da katanga.

Lissafin da masu tsara filaye ke amfani da shi a bayyane yake. Ƙofar shiga mai ɗaukar mutum ɗaya-ɗaya ba ta wuce mutum 660 a awa. Mutum 20,000 cikin awa ɗaya na bukatar irin wannan ƙofa 31, a rarrabe a ɓangarori huɗu, ba a jere a gefen da ke kallon titi ba. Kuma awa ɗayan ce za a yi lissafi da ita, domin mutanenmu sai sun yi La'asar suke tahowa gaba ɗaya. Wajen fita, faɗin mita ɗaya na wuce mutum 82 a minti a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, 66 a matakala, ana kuma so kowa ya bar wurin zamansa cikin minti 8. Wato jimillar faɗin mafita mita 31 ne, a matakala 38. Ƙofofin su buɗe ta waje, ba kwaɗo a kansu muddin akwai mutane a ciki, kowace da mai tsaronta. Bayan haka ana son shinge na farko can nesa da gini, inda jandarma za su duba tikiti su rage cunkoso kafin a iso ƙofa ta ainihi, da fili tsakanin shingen biyu da zai ɗauki jama'a idan an fito a guje. Tsohon fili da yawa ba shi da inda za a sa wannan sai an rushe gidaje.

Wurin ajiye abin hawa a yi shi daidai da abin da mutane ke hawa. Mota ɗaya da hanyar juyawarta na cin murabba'in mita 25, moto kuwa kamar 2 da rabi. Hekta ɗaya mota 400 ce, ko moto 4,000. Zanen da aka kwafo daga Turai kan ba motoci hekta uku ya manta da moto, sai ranar wasa su toshe bakin ƙofa. A ware musu wurin sauke fasinja daban, nesa da inda masu ƙafa ke bi. Haka wurin alwala da salla, da rumfunan masu tsire, ruwa da shayi: idan ba a zana musu wuri ba za su zaɓa da kansu, kuma bakin mafita za su zaɓa.

Fuskar fili ma sai da sarari ake iya gyara ta. Tsawonsa ya bi kudu da arewa, karkatar kada ta wuce digiri 15, don kada rana ta shiga idon mai tsaron gida da yamma. Babbar rumfa a yamma, rana a bayanta. Masu zama a gabas, waɗanda su ne masu ƙaramin tikiti, rana na dukan fuskarsu daga ƙarfe 3 har ta faɗi, kuma rufi ba ya tare ranar da ta sunkuya. Abin da ke taimaka musu shi ne rumfar yamma ta yi tsawo. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, guguwar farkon damina kuma daga gabas, ita ce ke shiga ƙarƙashin rufin rumfar yamma ta ɗaga shi. Ƙarfen rufin da ƙusoshinsa a lissafa su da wannan iska, a kuma dasa layuka na darbejiya ta gabas da arewa tun kafin a fara gini.

Hanyar gudu ta mita 400 tana faɗaɗa ginin zuwa kusan mita 177 da 93 tun kafin a sa kujera ɗaya, tana kuma nisanta mai kallo da ƙwallo. Garin da filinsa ɗaya ne ya haƙura ya saka ta saboda makarantu. Wanda ke da tsohon fili a ciki ya bar gudu a can, sabon ya zama na ƙwallo zalla.

To wanne?

Idan tsohon filin na da sarari a kewayensa da tituna a ɓangarori uku, gyara shi ya fi komai, kuma Rumde Ajiya hujja ce. Idan gidaje sun shaƙe shi, kada a ƙara masa kujeru. A bar shi wa unguwa da makarantu, kuma kada a sayar da shi don biyan kuɗin sabo, domin irin wannan wuri ba ya dawowa. Filin nesa mai kujeru 50,000 abin babban birnin ƙasa ne mai karɓar gasa, shi ma sai an gina hanya da sufuri tare da shi. Ga Marwa, Ngaundere, Kuseri, Mundu ko Abeshe, abin da ya fi dacewa shi ne bakin gari, kilomita 4 zuwa 7 daga babbar kasuwa, a kan tudu, ta ɓangaren da gari ke yaɗuwa. Kujeru 10,000 zuwa 15,000 sun isa farko, a bar bayan ragogin biyu a buɗe da tushen da zai ɗauki ƙari. Fili kuwa a kama hekta 15 zuwa 20 tun yanzu ko da rabi za a gina.

Kama filin nan shi ne aikin da ya fi jan rigima. A Kamaru dokokin ƙasa na 1974 ne ke aiki, a Chadi na 1967, kuma a duka biyun yawancin gonakin bakin gari ba su da takardar mallaka, amma suna da masu su da kowa ya sani. Yardar lamido, lawan, jauro ko bulama tana buɗe ƙofa, sai dai ba ta maye gurbin takarda da sunan hukumar da za ta riƙe filin. A ƙidaya gonaki, bishiyoyi da rijiyoyi a gaban masu su, a biya diyya kafin katafila ta shiga. A duba ko burtali ya ratsa wurin. Idan ya ratsa a fitar wa shanu wata hanya a rubuce, in ba haka ba makiyaya za su fasa katanga a inda suka saba bi. Da labari ya fita kuma farashin filaye zai tashi, 'yan kwanaki kaɗan sai a ga an fara yanka fuloti har bakin iyaka. Shi ya sa ake kafa duwatsun iyaka, a shata faɗin hanyoyin shiga biyu da magudanar da za ta kai ruwa tafki, a shigar da su taswirar ofishin magajin gari, kafin a sanar da ranar aza tubali.